Falon da Ya Ƙi Karɓar Ƙamshi: Nazarin Wani Gida a Damagaram

## Gidan da mutanen cikinsa

Gidan yana ɗaya daga cikin sababbin unguwannin Zinder, wato Damagaram ta ƙasar Nijar, can gefen gari inda famfo kan yi kwanaki bai kawo ruwa ba. Ginin siminti ne, rufin kwano da silin. Mutum shida ke zaune a ciki: maigida, wanda aikinsa na yawan tafiya ne, uwargida, malamar firamare, yara uku, autansu bai cika shekara biyu ba, sai mahaifiyar maigidan, dattijuwa mai kimanin shekara 70, wadda aka ɗauko daga wajen Mirriya a watan Oktoban 2023. Kowa a gidan Inna yake ce mata. Tana fama da fuka tun ƙuruciya, kuma ba ta rabuwa da abin shaƙarta na Ventoline, yana ƙulle a haɓar zane.

Falon gidan mita 5 ne da mita 4. Tagoginsa biyu duk gabas suke kallo. Kafet ya rufe ƙasa bango zuwa bango, ga kujerun yadi, ga labule masu kauri. A kusurwa ɗaya akwai ƙaramin banɗakin baƙi da ƙofarsa ke buɗewa cikin falon.

Kafin zuwan Inna, sau biyu ake ɗora kasko a rana, bayan sharar safe da bayan magariba. Turaren haɗi ne na sandal da hawi da gab-gab da farce, wanda yayar uwargidan ke aiko mata daga Diffa. Wanda ya san Damagaram ya san nauyin wannan abu. Garin ya daɗe yana cuɗanya da ƙasar Barno, kuma al'adar turaren wuta ta zauna daram a ɗakunan mata. Baƙuwa kan shaƙi ɗaki kafin ta dubi abin da ke cikinsa, kuma abin da ta shaƙa shi za ta tafi da shi.

## Nuwamba 2023: an sauke kasko

Da sanyi ya shigo aka fara rufe tagogi saboda ƙura. Hayaƙin da a da yake fita cikin ɗan lokaci sai ya koma yana kwana a falo. Tarin Inna ya ƙaru, tana shaƙar magani sau 4 zuwa 5 a mako. Daren 20 ga wata numfashinta ya sarƙe har aka kai ta asibitin unguwa.

Ma'aikacin lafiyar da ya duba ta ya tambayi abin da ake ƙonawa a gidan. Da aka lissafa masa, ya ce a daina duka a inda take zama: kasko, turaren tsinke, da maganin sauro na kunnawa. Ya ƙara da cewa garwashin gawayi a rufaffen ɗaki yana fitar da wata iska marar wari da ke iya kashe mutum yana barci, ko da lafiyayye ne.

Uwargida ba ta yi gardama ba. Cikin mako uku shaƙar maganin Inna ta dawo sau ɗaya a mako.

Sai dai kamar kwana goma da sauke kasko, wani wari ya bayyana a falon. Ba mai ƙarfi ba ne, amma yana da nauyi, kuma ya fi fitowa da asuba idan aka fara buɗe ƙofa. Uwargida ta ɗora laifin kan kafet da fitsarin auta. Sau biyu aka wanke kafet ɗin da ruwan saye daga 'yan ga-ruwa. Kowane karo warin kan lafa kwana ɗaya, ya dawo.

## Disamba 2023 zuwa Janairu 2024: kwalbar tsinke

Ranar 10 ga Disamba ta sayi kwalbar ƙamshi mai tsinke daga wata mai sayar da kayan mata ta WhatsApp. Kwalbar mililita 100 ce da tsinke 8, ta biya jaka biyar, wato sefa dubu biyar. Kaya sun yi tsada a lokacin, don iyaka da Najeriya tana rufe tun bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, abin da ke shigowa daga Kano kuwa sai ta ɓarauniyar hanya. Mai sayarwa ta ce kwalbar za ta kai wata uku.

Aikin wannan kwalba ba wuya. Tsinken na wani irin itace ne mai ƙananan ramuka da suka miƙe daga gindi zuwa kai. Ruwan turaren yana bin ramukan yana hawa kamar yadda kananzir ke hawan lagwanin fitila, idan ya kai sama iska ta kwashe shi. Ba wuta, ba hayaƙi. Yawan tsinke da zafin wuri da motsin iska su ke yanke saurin ƙarewarsa.

Ta zuba tsinken duka takwas, ta ajiye kwalbar kan teburin talabijin a ƙarƙashin taga, inda fanka ke bugawa idan akwai wuta. Kwana huɗun farko falon ya ɗauki ƙamshi. Daga nan ya fara ja baya. Da ta duba tsinken ta tarar kansu ya yi ja da ƙura, ya yi danƙo. Ta juya su, ƙamshin ya taso na yini ɗaya. Ta koma juyawa kullum. Ranar 29 ga Disamba kwalbar ta bushe, kwana 19 ke nan.

A hunturun Zinder danshin iska yakan sauka ƙasa da kashi 20 cikin ɗari da rana, kuma iskar tana tasowa ne daga arewa maso gabas, wato kusan kai tsaye kan tagogin falon. Busasshiyar iska tana shan ruwan turare da sauri, ƙurar buji kuma tana manne wa kan tsinken mai maiƙo ta toshe ramukan. Juyawar kullum tana ƙara saurin ƙarewa, don duk juyi ɗaya jiƙaƙƙen gefe ake miƙa wa iska.

Ba ta so ta sake kashe jaka biyar, sai ta nemi dabara. Ta fara zuba turaren mai na al'ud zalla, irin wanda ake shafawa a jiki. Bayan kwana uku kan tsinken yana nan a bushe, man ya yi kauri da yawa, bai hau ba. Ta sirka shi da man gyaɗa, ta canza tsinken da na tsire. Nan ma shiru, bayan mako biyu ma man ya fara wani bashi. Ruwan da kamfanoni ke zubawa a irin wannan kwalba ba turare zalla ba ne. Kashi ɗaya ne na turare cikin kashi uku ko huɗu na wani siririn sinadari marar wari, sau da yawa wanda masu haɗa turare ke kira DPG, ko kuma dangin alkwal. Shi ke ɗauko turaren ya hau da shi. Man girki ba ya tashi a iska, tsinken gora kuma ramukansa ba su buɗe kamar na asalin tsinken ba.

A farkon Janairu ta sayi sabuwar kwalba. Ranar 14 ga wata auta ya ja mayafin tebur, kwalbar ta kife. Ruwan ya cinye fentin teburin a inda ya kwanta, yaron kuma ya kai jiƙaƙƙen hannunsa baki. Inna ta ce a yi maza a ɗura masa madara ya yi amai. Wata maƙwabciya ma'aikaciyar jinya da ta jiyo kukan ta hana. Ta wanke masa baki da hannu da ruwa, ta ce a tafi asibiti da kwalbar a hannu. An duba shi, an riƙe shi na 'yan awoyi, aka sallame shi lafiya. Dalilin hanawar yana da kyau kowace uwa ta riƙe shi: irin wannan ruwa, idan aka tilasta amai, yana iya sulalewa cikin huhu, kuma ɓarnarsa a huhu ta fi ta ciki muni. Daga ranar aka fitar da kwalbar tsinke daga falo.

## Fabrairu zuwa Maris 2024: na'ura mai hazo

A makon farko na Fabrairu maigida ya dawo daga tafiya da difiza, wato na'urar watsa ƙamshi ta lantarki, mai cin ruwa mililita 300. A gindin tankinta akwai ɗan faifai da bai kai faɗin dala ba, wanda ke kaɗawa fiye da sau miliyan ɗaya a daƙiƙa. Kaɗawar ce ke farfasa ruwa da turaren da aka ɗiga su zama farin hazo mai sanyi. Ba tafasa ruwan take yi ba, don haka duk abin da ke cikinsa, gishirin ƙasa ne ko ƙwayar cuta, tare da hazon yake fita. Takardar da ke cikin kwalin ta ce ɗigo 3 zuwa 5 a kowace mililita 100. Uwargida ta fara da ɗigo 10 a cikakken tanki, daidai da ƙa'ida.

Abu uku suka taso, ba lokaci ɗaya ba.

Na farko wuta. Lantarkin Zinder yana zuwa ne ta layin da ya taso daga Katsina ya bi ta Gazawa, kuma Najeriya ta yanke shi tun farkon Agustan 2023. Abin da kamfanin lantarki na NIGELEC ke iya bayarwa rabawa ake yi unguwa-unguwa. Na'urar takan mutu a tsakiyar aiki, ruwan ya kwana biyu ko uku a tanki, idan wuta ta dawo a kunna a kan tsohon ruwan. Bangon tankin ya fara santsi.

Na biyu ruwa. Zinder tana zaune kan dutse, ruwan famfonta daga nesa ake jawo shi, daga wuraren Gogo da Arunguza, kuma ba ya isa. Gidan ya dogara da 'yan ga-ruwa, su kuma duk inda suka samu suke ɗebowa. Cikin mako biyu farin ɓawo ya kama faifan na'urar, wata farar ƙura kuma ta fara kwanciya a gilashin talabijin.

A ƙarshen Fabrairu turaren ɗigon ya ƙare, ta zuba humra cokali ɗaya a madadinsa. Humra tana ɗauke da garin sandal da na farce da ke kwanciya a gindi. Washegari hazon ya ragu, a rana ta uku ya tsaya cak. Wani mai gyaran rediyo ya jiƙa faifan da ruwan khal na minti 20, ya goge da auduga, na'urar ta tashi. Ya ce kada a sake zuba mata komai sai ruwa da siririn turare.

Na uku shi ne hancin uwargida, kuma a nan lamarin ya fi daɗewa. Bayan mako ɗaya da fara amfani da na'urar ta daina jin ƙamshin. Ta ɗauka turaren ne marar kyau, ta canza wani. Ta kai ɗigo 20, sannan 30. Zuwa tsakiyar Maris ta daina ƙirgawa, da murfin kwalba take awo. ECOWAS ta janye takunkumin da ta sa wa Nijar ranar 24 ga Fabrairu, wuta ta dawo daga Najeriya a cikin Maris, sai na'urar ta koma aiki daga asuba zuwa dare. Azumi ya kama ranar 11 ga Maris, zafi ya fara tsananta, tagogi a rufe duk yini don kada iskar waje mai ƙuna ta shigo. Kwalbar turare mai mililita 10, wadda ke ɗauke da ɗigo kamar 200, ba ta kai mako.

Duk da haka, idan ta buɗe falo da asuba kafin a kunna na'ura, warin nan yana nan.

## Afrilu 2024: makon ƙaramar salla

A goman ƙarshe na azumi Inna ta koma shaƙar magani kusan kullum. An ɗauka zafi ne da azumi. Babbar 'yar gidan, mai shekara 11, ta riƙa kukan ciwon kai da yamma, shi ma aka ce rana ce. Inna ta daina zama a falo, ta shimfiɗa tabarmarta a inuwar bango a tsakar gida duk da ƙunar bazara. Ba ta ce komai ba. Daga baya ta faɗa wa ɗanta cewa saboda ita aka sauke kasko, ba za ta buɗe baki karo na biyu ta raba yarinya da ƙamshin ɗakinta ba.

Yayar uwargida ta zo salla daga Diffa. Ta yi sallama, ta zauna, ba ta jima ba ta tashi ta buɗe taga. Sai da baƙi suka watse ta ja ƙanwarta gefe.

"Ke, wannan abu ya yi yawa. Tun daga zaure yake dukan mutum, idona har ruwa yake."

"Yaya, ni fa ko kaɗan ba na jin sa."

"Ai ba za ki ji ba, a ciki kike kwana. Kuma ba shi kaɗai ba ne. Akwai wani abu a ƙarƙashinsa, turaren bai rufe shi ba, haɗuwa suka yi."

Maganar ta yi wa uwargida ciwo, ta kwana ba ta ce uffan ba. Da safe ta durƙusa gaban surukarta ta tambaye ta ko abin yana damunta. Inna ta ɗan yi shiru, sannan ta ce, "'Yar nan, yana kama mini ƙirji. Amma ɗakinki ne."

Ranar 15 ga Afrilu aka koma asibiti. Ma'aikacin lafiyar ya ce rashin hayaƙi ba ya nufin rashin illa, ƙamshi mai ƙarfi shi kaɗai yana iya tayar da fuka, balle a rufaffen ɗaki na fiye da awa goma. Ya ce a kashe komai na mako biyu a gani. Aka kashe. A mako na biyu Inna sau biyu ta shaƙi magani, ciwon kan yarinyar ya ɗauke.

## Ƙarshen Afrilu zuwa Mayu 2024: bin sawun wari

Da babu kasko babu na'ura, warin ya tsaya shi kaɗai. Yayar, kafin ta koma, ta ba da shawarar a rufe falon da dare, da asuba a shigo da wanda bai kwana a gidan ba ya bi hancinsa. Aka roƙi maƙwabciyar nan ma'aikaciyar jinya. Ta shiga, ta wuce kafet, ta wuce kujeru, ta tsaya a ƙofar banɗakin baƙi.

An kulle banɗakin ne tun Oktoban 2023 don a rage ɓarnar ruwa, aka mayar da shi ma'ajiyar akwatuna da tsohuwar katifa. Wata shida ba a zuba ko moɗa ɗaya a cikinsa ba. Ba wanda ya yi tunaninsa, don a ganin kowa wurin da ba a shiga ba shi da dalilin wari.

Mai gyaran famfo ya zo ranar 2 ga Mayu. Ya nuna wa maigida cewa a ƙarƙashin masai da wurin wanke hannu da magudanar ƙasa, kowanne yana da lanƙwasasshen bututu da ke riƙe ɗan ruwa, zurfinsa kamar santimita 5. Wannan ruwan shi ne murfin da ke hana iskar ramin masai dawowa cikin gida. Idan aka daina amfani da wurin, ruwan yana bushewa, a hunturu ma cikin 'yan makonni. Duka ukun a bushe ya same su. Ya zagaya bayan gida ya tarar bututun numfashin ramin an ɗaure bakinsa da leda don sauro, wato iskar ramin ba ta da wata mafita sai ta falo.

Ya zuba ruwa lita 2 a kowane bututu, ya ƙara cokali ɗaya na man girki a magudanar ƙasa don ya kwanta a saman ruwan ya rage bushewa. Ya kwance ledar ya ɗaura ragar sauro a madadinta. Ladansa jaka uku. Bayan kwana biyu warin asuba ya tafi.

Ragowarsa tana cikin kafet da katifar da ta sha wata shida a banɗaki. Katifar aka zubar. Kafet ɗin aka shanya a rana kwana uku, bai saki gaba ɗaya ba, aka naɗe shi aka shimfiɗa ledar ƙasa da ake gogewa da tsumma. Labulen masu kauri aka wanke, aka canza na taga da marasa nauyi.

## Yuni zuwa Satumba 2024: komawa a hankali

Sai a farkon Yuni aka sake kunna na'urar, bayan an tambayi ma'aikacin lafiya. Tsarin da aka bi shi ne ɗigo 3 a ruwa mililita 100, minti 20 zuwa 30, taga ɗaya a buɗe, Inna tana tsakar gida, ba ta shiga sai bayan an kashe da rabin awa. Sau biyu a rana, a lokutan da a da ake ɗora kasko. Uwargida ta rubuta adadin ɗigon a takarda ta liƙa a bango, ta yi wa kanta alkawarin ba za ta ƙara ba ko da ba ta jin komai. Idan tana shakka, maƙwabciya take kira ta shaƙa.

Turare ɗaya ake gwadawa na mako guda kafin a taɓa wani. Na farko mai na'a-na'a ne, Inna ta yi tari a rana ta biyu, aka ajiye shi. Maƙwabciyar ma ta ce man na'a-na'a da na bishiyar turare da kafur ba su dace da ɗakin da ƙaramin yaro ke wasa ba. Na biyu, mai sanyin sandal, ya zauna lafiya.

Ruwan gora aka koma zubawa, kuma tun da mililita 200 kawai ake buƙata a rana, gora ɗaya tana yin mako. Da damina ta kankama aka riƙa tarar ruwan sama, a tafasa, a tace. Farin ɓawon bai dawo ba. Kullum da dare ana zubar da ragowar ruwa a goge tanki a bar shi a buɗe, ranar Juma'a a wanke da khal. Na'urar tana kan wata kanta mai tsawo inda hannun auta ba ya kai.

Sau biyu aka gwada tsarin. A tsakiyar Yuni ragon layya ya yi kwanaki ɗaure kusa da tagar falo, warinsa yana shigowa. Uwargida ba ta ƙara ɗigo ba, ta sa aka mayar da turken bayan madafa, ana zuba toka da yashi a wurin. Na biyu ya fi wuya. Daminar 2024 ta yi ƙarfi ƙwarai, ita ce wadda ta rushe tsohon masallacin unguwar Birni ta Zinder a farkon Satumba. Kusurwar falon ta arewa ta sha ruwa, bango ya yi tabo, warin danshi ya taso. Aka janye kujera daga bangon, aka riƙa buɗe tagogi duk lokacin da ba a ruwa, aka liƙe kwanon da ke yoyo. Warin ya ɗauki kusan mako uku kafin ya tafi, kuma a tsawon lokacin an bar na'urar a kashe don kada ta ƙara wa ɗakin laima.

Kwalbar tsinke ta sami wuri a banɗakin baƙi, kan wata kanta sama da kan mutum, da tsinke 3 kawai. A damina ta kai wata biyu.

## Disamba 2024 zuwa Janairu 2025: inda aka tsaya

Hunturu ya dawo, warin bai dawo ba. Kwalbar turare mai mililita 10 tana yin wata ɗaya da 'yan kwanaki. Inna tana shaƙar magani sau 2 ko 3 a wata, galibi ranakun da buji ya rufe gari. Ta dawo zama a falo da yamma. Kasko yana nan, amma na tufafi ne kaɗai, ranar Juma'a a tsakar gida ƙarƙashin kabbasa, lokacin da Inna ke ɗakinta.

Abu ɗaya bai warware ba. Uwargida ta ce ƙamshin na'ura ba ya kama ɗaki yadda turaren wuta ke kamawa, da an kashe da awa biyu ya yi sanyi. Wasu baƙi sun tambaye ta ko ta daina turare ne. Tana amsawa da murmushi, amma abin yana taɓa ta.

## Abin da ya gaza, abin da ya yi aiki, da dalili

A ganina warin nan ya girmi ranar da aka fara jin sa. Banɗakin an kulle shi a Oktoba, bututun sun bushe a daidai lokacin da hayaƙin kasko ke rufe komai, sai sauke kaskon ya tona shi. Wata biyar da suka biyo baya, da kuɗin kwalabe da na'ura da wankin kafet, duk an kashe su ne wajen neman abin da zai maye gurbin hayaƙi a aikin rufewa. Difiza ba ta iya wannan aiki. Turaren wuta yana da nauyi, yana shiga yadi ya zauna kwanaki. Hazon na'ura ba shi da wannan ƙarfi, idan aka matsa masa ya yi, sai ya koma abin da ke shaƙe mutane alhali warin yana nan. Gyaran jaka uku ya yi abin da sauran duka suka kasa.

Kwalbar tsinke ba jabu ba ce. An ajiye ta ne a mafi munin wuri, a mafi munin lokaci na shekara, da tsinke fiye da kima. Alkawarin wata uku na ƙasashe masu danshi ne, kuma mai sayarwa a Zinder ya kamata ta faɗa wa mai saye cewa a hunturu a rage tsinke, a nisanta kwalbar daga taga da fanka, a canza tsinken idan sun yi ƙura. A gidan da ke da mai rarrafe kuwa, buɗaɗɗiyar kwalba ba ta da wurin zama ƙasa da kafaɗar babba.

Abin da ya fi ba ni tsoro a wannan lamari shi ne watan Maris. Hanci yana sabawa da ƙamshin da ya daɗe a cikinsa cikin mintuna, haka Allah ya halicce shi, ba laifin turare ba ne. Da kasko, ido yana taimakon hanci, ana ganin hayaƙi ya cika ɗaki, garwashi kuma yana mutuwa da kansa. Na'ura ba ta da waɗannan birki biyu, hazonta iri ɗaya ne ko ɗigo 3 aka sa ko 40. Mace mai tsafta da kula, wadda ta sauke kaskonta ba gardama saboda surukarta, ita ce ta mayar da dattijuwar kan shaƙar magani kullum ba tare da ta sani ba. Takardar da ta liƙa a bango da hancin maƙwabciya su suka maye gurbin birkin.

Kawaicin Inna ya ƙara tsawon abin da aƙalla mako biyu. Ba na ganin laifinta, haka aka tarbiyyantar da iyayenmu. Amma a gidan da ke da mai fuka, jiran ya yi ƙorafi ba awo ba ne. Adadin shaƙar magani a mako shi ne awon, kuma da ana rubuta shi tun Nuwamba da an ga hawansa kafin salla. Sauƙin da ta samu daga baya ba na rage ɗigo kaɗai ba ne, cire kafet da labule masu tara ƙura da toshe iskar masai duk sun ba da nasu. Ɗigo 3 da ya zauna mata lafiya nata ne, akwai masu fukar da ko ɗigo ɗaya ba sa ɗauka, kuma a irin gidansu shawarar ma'aikacin lafiya ce gaba da sha'awar ƙamshi.

Inda tsarin zai iya sake karyewa shi ne bazara, lokacin da jarkar ruwa ke tsada kuma kowane kofi yana da lissafi. Uwargida ta ɗora wa babbar 'yarta aikin zuba ruwa a bututun banɗakin uku duk ranar Juma'a, kuma ba sai da ruwan saye ba, ruwan ɗaurayar wanki ya wadatar.